Kilin Baffa Yana Neman Turke

Ni ne dillalin da in na buɗe baki a kan doki, dokin da kansa sai ya waiwayo ya dube ni, don bai san haka Allah ya yi shi ba. A je Wunti a nan Bauchi a tambaya, a zarce Ƙofar Wambai a ƙara tambaya. Na taɓa yabon wani ramammen doki, ƙashin bayansa a tsaye kamar a rataya masa riga, har mai shi ya share hawaye ya ce ya fasa sayarwa, ashe bai san dukiyar da ke ɗaure a gidansa ba. Na taɓa sayar da mai ido ɗaya, na ce wa mai saye ɗayan hutawa yake yi, ajiya ce saboda tsufa. Kuma duk dokin da ya biyo ta hannuna, in dai yana da ƙafa huɗu da wutsiya, to na Larabawa ne. Ko a bayan Ningi aka haife shi, kafin in haɗiye yawu ya zama ɗan Sudan, kakansa ya sha ruwan Nilu.

To sau ɗaya a rayuwata aka danƙa mini dokin Larabawa na gaskiya, wanda ba ya bukatar in ƙara masa ko silin gashi, kuma shi ne ya zame mini garwashi a hannu. Damina ta same shi a wuyana, ta yi ruwanta har ta kusa ɗaukewa, yana nan.

Dokin na Baffa ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni bayan mahaifin nawa ya rasu. Baduku ne a Ƙofar Dumi. Ɗinkin sirdi da ragama da sauran kayan doki ya yi duk rayuwarsa, a wani zaure da warin fata ya kama bangonsa har yau. A zauren nan na san doki. Shi ya koya mini duba haƙori da kofato, ni kuma na ƙara da abin da bai koya mini ba, wato baki. Ba mutum ne mai yawan magana ba. In na kawo masa labari sai ya bari na kai aya, sannan ya ce, "To, a cire kason dillali, saura me?"

Kili ne dokin, fari tas, amma ba fari ya zo ba. Fataken da ke kawo dawaki daga wajen Chadi da Sudan ta hanyar Borno ne suka sauke shi daga mota yana duƙushi, launin toka mai duhu, tafiya ta cinye shi, hanci na yoyo. Kowa ya duba ya wuce. Baffa bai dubi haƙarƙarin ba, kan ya duba: ƙaramin kai, goshi mai faɗi, karan hanci ya ɗan lotsa, ƙofofin hancin a buɗe, fata marar kauri har kana ganin jijiya. Ya rabu da abin da zai rabu da shi, ya jawo shi gida, ya yi jinyarsa da jiƙaƙƙen gero da kanwa da harawa. Duk shekara dokin na ƙara haske, gemun Baffa ma na ƙarawa, har suka yi fari tare. In la'asar ta yi sanyi suka fita kilisa, wutsiya a ɗage kamar tuta, ko mai babur ɗin da ke sauri sai ya sassauta ya kalla. Ban taɓa ganin ƙaimi a ƙafar Baffa ba. Da harshe yake tuƙa shi.

Wata safiya, ana dab da faɗuwar damina, Baffa ya ɗauko bokitin dusa zai kai turke, ya faɗi da shi. Hawan jini ne, in ji asibiti. Ya dawo gida ɓarin damansa a shanye, bakin ya ɗan karkace, amma magana na fita. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka ƙanwarsa, Goggo, ta kwaso kayanta ta dawo jinya. 'Ya'yansa maza suna garuruwa masu nisa wajen aiki. Mutanen kirki ne, suna aike, suna waya, sai dai a cikinsu babu wanda ya san bambancin harawa da tattaka, kuma tun kafin ciwon an sha jin suna cewa wurin bargar nan zai yi kyau da shagunan haya.

Ya aika aka kira ni. Na shiga da barkwancina kamar kullum, na ce, "Baffa, wannan ai lalaci ne, ka ga Goggo ta iya masa ka kwanta don a riƙa kawo maka har gado."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Zauna, ɗan nan. Yau ba raha na kira ka ba."

Na zauna.

"In na mutu, kilin nan ya zama gado. Doki kuwa ba gona ba ne da za a ja masa iyaka kowa ya ɗauki nasa. Sayarwa za a yi, da gaggawa, ga wanda ya fara miƙo hannu. Ka san masu fara miƙo hannu."

Na san su, don na ci abinci da su. Masu ba da hayar doki ne ga samarin biki, waɗanda za su yi ta sukuwa da shi a kan kwalta daga hantsi har magariba, wannan ya sauka wancan ya hau, sai kofato ya tsage, baya ya yi gyambo. In ya ƙare kuma akwai motar da ke jiran irinsa, ta mahauta, wadda ba ta tambayar asalin kowa.

Baffa ya ce, "Ka nemo masa turke tun ina da bakin da zan ce na sallama. Ba kuɗinsa nake so ba, in ga inda zai tsufa nake so."

Na dafa ƙirji na ce, "Baffa, kafin Juma'a ta zagayo sai an yi dambe a ƙofar gidan nan saboda dokin nan."

Ya lumshe ido. Kason dillalin ma bai tsaya cirewa ba.

Na fita na kama aiki yadda na iya. Na fara da teburin mai shayin da muke zama a Wunti, inda magana ke shiga da safe ta kwana a Ƙofar Wambai. Na ce dokin nan in yana gudu inuwarsa sai ta roƙe shi ya jira ta. Na ce uwarsa a cikin tanti aka haife ta, da madarar raƙumi aka yaye ta. Na ɗauki hotonsa a waya na watsa duk inda yatsana ya kai. Da wani tela ya tambayi ko nawa za a bari, na ce masa, "Malam, koma kan kekenka. Wanda bai mallaki gidan sama ba kada ma ya wahalar da takalminsa zuwa Ƙofar Dumi." Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. A sana'armu haka ake yi: ka ɗaga kaya sama sosai, don in mai saye ya jawo shi ƙasa ya tsaya inda kake so.

Wanda ya fara zuwa wani alhaji ne ɗan kwangila. Motarsa ta kasa shiga lungun, ya sauko ya tako da ƙafa, yana tattare shaddarsa saboda kwata. Muka ɗauko Baffa a kujera muka ajiye shi a inuwar barga. Na jawo kili na zagaya da shi, na saki baki. Ban tsaya ba sai da na ga idon alhajin ya fara sheƙi.

Sai Baffa ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Alhaji, ka ji na dillali, saura nawa. Dokin nan ya fara manyanta, haƙorinsa zai gaya maka. In damina ta yi nisa yana tari. Ƙafar baya ta hagu tana sandarewa da safe, sai an ɗan taka da shi. Ba ya son tsawa. Kuma ba ya cin abinci in an ɗaure shi inda ba ya ganin mutum."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina ta yi masa ido, shi kuwa ko kallona bai yi ba. Alhajin ya ce ai duk wannan ba komai, akwai masu kula. Baffa ya ce, "Madalla. Dokinka na baya, ina yake?"

"Wanne ciki, Baba? Ai an yi su da yawa."

"Na ƙarshen."

Alhajin ya ɗan yi tunani. "Wani baƙi ne. Ina jin na ba direbana, shi kuma kamar ya sayar. Wallahi ban bi ba."

Baffa ya ce, "Albarka."

"Haba Baba, ai ban taya ba tukuna."

"Ka taya, Alhaji, na kuwa ji."

Da na raka shi bakin mota na dawo, na ce, "Baffa, ka yanka ni ba wuƙa. Wa ke tallan hajarsa da tari?" Ya ce, "Wanda zai tsaya gaban Allah kafin kaka. In na ɓoye masa tarin, ranar da ya ji shi zai ga an cuce shi, kuma ba a kaina zai huce ba, a kan dokin zai huce."

Daga nan aka yi ta zuwa. Wani mai wasan folo ya duba haƙori ya ce gaskiya shekarun sun wuce aikinsa, ya yi wa Baffa addu'a ya tafi, shi kaɗai ne Baffa ya ce a raka har bakin titi. Wani yana so ne a yi hoton bikin ɗansa da shi, bayan biki kuma Allah masani. Wani mai haya ya yi shigar mutunci ya zo a kan dokinsa, baki kamar zuma, Baffa ya dubi shatin bulala a cinyar dabbar ya ce a ba baƙo ruwa ya kama hanya. Duk wanda ya zauna sai ya ji tari da ƙafar hagu, sannan ya sha tambayar nan. Amsoshin kuwa iri ɗaya: na sayar, na musanya, na kyautar, ban sani ba.

Abin da ya fi damuna, ainihin masu dawaki, irin waɗanda ke kwana da tunanin dusa, ba su zo ba. Da na bincika sai na ji magana ta bazu cewa akwai wurin da gashi ya juya ya yi kamar cibiya a ƙarƙashin maƙogwaron kili, wai doki mai irin wannan alama ubangijinsa yake ci, ga shi kuwa ya kwantar da Baffa. Kowa in ka tare shi sai ya ce subhanallahi, ai camfi ba kyau, amma ƙafarsa ba za ta tako ba. Da na kai wa Baffa labarin ya ce, "Tun yana duƙushi cibiyar nan take wurin. Ashe mai haƙuri ne, ya jira har na tsufa sannan ya ci ni."

Ruwa ya sauka sosai, lungun ya cika da taɓo. Kili ya fara ramewa, don ba mai hawansa. Ni dai sirdi ya daɗe da sallama ni, in na hau doki sai an tara masu ceto, saboda haka da ƙafa nake jan shi in zagaya bayan gari da yamma, yana tafe yana waiwayen gida. Abinci kuwa sai ya shinshina ya bari. Goggo ce ta gano maganin abin. Ta sa aka matsar da gadon Baffa jikin tagar da ke kallon barga, aka tsawaita wa dokin igiya. Sai ya zo ya zura kai ta tagar, Baffa ya ɗora masa hannun hagu a goshi, su zauna haka. A bakin tagar ake ajiye masa dusa, a nan yake ci. Na sha shigowa da labari a bakina in same su haka, sai in koma zaure in zauna.

Sai ciwon ya sake bugawa. Wannan karon bai kai asibiti ya kwana ba, amma ya tafi da yawancin maganar. Kalma ɗaya sai Baffa ya yi ta kokawa da ita, gumi na tsattsafo masa, wani lokaci ta fito, wani lokaci ya haƙura. Yaran suka zo dubiya, na ji babban yana tambayar wani magini a waya. Ban ga laifinsa ba, rayuwa ce. Amma duk shigar da zan yi, Baffa sai ya dube ni, ya dubi taga, ya sake dubana. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo.

Ranar nan maganinsa ya ƙare, ƙafar Goggo kuma ta kumbura, ta ce in je in karɓo. Kyamis ɗin da take saye yana bakin Wunti, na wani mutumin kudu ne, Kirista, wanda ya zo Bauchi tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Likita muke ce masa, ko da yake ya gaji da gaya mana shi ba likita ba ne. Muna gaisawa da shi, wani lokaci ma yana shan shayi a teburinmu, amma ba mai shiga hira ba ne. Na miƙa masa kwalin maganin na zauna a benci, ban ce uffan ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Dillali, lafiya? Yau rediyo ba batir?"

Na ce, "Likita, bari kawai. Tsoho na tafiya, dokinsa ba shi da wurin zuwa."

"Wannan doki na masu gidan sama?"

"Wane gidan sama? Tsohon doki ne mai tari, ƙafa ɗaya na ciwo. Mai shi ba kuɗi yake nema ba, inda za a riƙe masa shi amana yake nema, na kuwa rasa."

Ya daɗe yana ƙulla ledar maganin, ƙullin da bai kai wannan daɗewar ba. Sannan ya ce, "Zan iya zo na gani?"

Washegari da la'asar ya zo. Tun daga yadda ya shiga bargar na san ba baƙon doki ba ne. Bai nufi kan kai tsaye ba, ta gefe ya bi, ya tsaya ya bar kili ya shinshina hannunsa, ya shafa wuya ya gangara kafaɗa har ƙafa. Na buɗe baki zan fara, Goggo ta daka mini harara daga ƙofar ɗaki, na rufe. Baffa ya nuna ta da hannu, ita ta jero aibobin a madadinsa, har da cibiyar maƙogwaro. Likita ya ce tari yana da magani, ƙafa kuma shi ma tasa haka take da safe. Sannan ya durƙusa a bakin taga ya ce, "Baba, na san abin da mutane za su faɗa, za su ce an sayar wa mai cin naman doki. Ni ko naman akuya an hana ni, kifi nake fama."

Gefen bakin Baffa mai lafiya ya motsa. Ya ja numfashi, ya tattaro ƙarfinsa. "Na... baya?"

Goggo ta ce, "Dokinka na baya yake tambaya, ina yake."

Likita ya ce, "Yana lambuna, Baba, a hanyar Dass. Ƙaramin doki ne, ɗan ƙasa, ba irin wannan ba. Na saye shi hannun masu haya, bayansa duk ciwo. Ya zauna da ni har haƙori ya ƙare, ina dama masa dusa kamar kunu. Bara ya mutu. Ni da 'ya'yana muka tona rami muka sa shi, na dasa mangwaro a wurin."

Baffa ya dube ni, ya nuna hanya da haɓa. Na gane: in je in gano da idona.

Na je da safe a keke. Lambu ne madaidaici, ga rijiya, ga rumfar kwano mai tsabta, ga turke da igiya ta sassaƙa masa wuya saboda daɗewa. Gidan da iyalinsa ke zaune yana kallon rumfar, matarsa na tsinkar alayyafo a bakin ƙofa. Can gefe ga ƙasa ta ɗan yi tudu, ga ɗan mangwaro an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Na dawo na tsaya gaban Baffa. Na so in ce masa lambun ya kai daga nan zuwa Dass, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baffa, akwai ruwa, akwai inuwa, akwai mutane. Kabarin ma na gani."

Ranar cinikin ba a tara jama'a ba. Likita ya faɗi abin da zai iya, a hankali, kansa a ƙasa, kamar mai jin kunya. Dukanmu muka zuba wa Baffa ido. A cinikin dabba ba dillali ke rufewa ba, ba ɗa ba, ba ƙanwa ba, sai mai ita da bakinsa. Leɓensa ya yi ta rawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Kaza ta shigo ta yi tsattsagarta ta fita, muna jira. Ni da ban taɓa barin shiru ya zauna lafiya a gabana ba, ranar na danne harshena da haƙori.

"Na... sal... lama."

Goggo ta ce, "Alhamdu lillahi."

Likita ya buɗe leda ya fito da sabuwar ragama. Ya san al'ada: ana sayar da doki, ba a sayar da ragamarsa. Mai saye ya zo da tasa, mai sayarwa ya kwance tasa ya rataye, don a nan arzikin turke yake, ita ce ke kiran wani dokin ya zo ya maye gurbi. Ko talakan da yunwa ta sa ya sayar ba ya barin ta fita gida. Ta kili kuwa Baffa ne ya ɗinka da hannunsa, jar fata ce da gumi ya mayar baƙa.

Goggo ta kai hannu za ta kwance. Baffa ya buga katakon gado da hannun hagu. Muka waiwaya, yana girgiza kai.

"A... bar... masa."

Goggo ta ce, "Yaya, ragamar fa? Turken fa?"

Ya dubi turken ta taga, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya tafin hannunsa sama ya sake kifar da shi a kan bargo. Ba wanda ya nemi fassara. Goggo ta saki ragamar ta shige ɗaki da sauri, mayafinta a baki. Likita ya mayar da sabuwar cikin leda, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Da ƙafa muka tafi da shi, ni da Likita. Dukawa da maƙera na lungun suka ajiye aiki suka fito bakin shago. Da muka kai inda lungun ya haɗu da titi kili ya tirje, ya juya ya yi haniniya guda mai tsawo. Goggo ta ce Baffa ya ji, ya rufe ido, kuma ranar ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun farkon ciwon.

Bayan haka duk Lahadi, in Likita ya taso daga coci ya huta, sai ya ɗaura sirdi ya hawo kili har Ƙofar Dumi, ya shigo da shi bakin taga. Dokin ya fara mayar da jiki, gashin ya kwanta. Baffa ya kan shafa haƙarƙarin da hannun hagu, yana lalube, ya ji nama ya rufe, sai ya gyaɗa kai. Bai daɗe ba. Ana cikin yankan gero Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, cikin sauƙi. Likita ya rufe kyamis ya zo ya zauna a tabarmar makoki tare da mu har aka tashi. Kili yana lambun har yanzu, ya ƙara fari, yana tarinsa in damina ta yi nisa, jikokin Likita na kai masa ɓawon kankana.

A zaman makokin ne, da zuciya ta ɗan yi sanyi, aka soma zancen dokin, bakina kuma ya dawo wurinsa. Na ba jama'a labarin yadda na tankaɗe garin nan kamar gari a rariya, na kori masu kuɗi, na kori masu mulki, na yi ta bin sawu har na zaƙulo mutumin da ya dace a inda ba wanda ya yi zato. Na ce irin wannan ido ba a makaranta ake samunsa ba, baiwa ce. Ana ta cewa Allah ya saka, ka cika amana.

Da mutane suka ragu Goggo ta aiko in shigo. Na same ta a tsakar gida, ta turo mini kwanon masa, ta bari na kai loma baki.

Ta ce, "Na ji ka daga nan, mai baiwa. Likitan nan tun makon da Yaya ya faɗi yake son dokin. Duk zuwan da zan yi karɓar magani sai ya tambaye ni lafiyarsa. Na ce ya zo ya taya, ya ce shi ba shi da gidan sama, a gabansa ka faɗa a teburin shayi."

Na haɗiye masar. Na ce, "Haba Goggo, to me ya hana ki gaya mini tun a lokacin?"

Ta ce, "Damina guda ina jira ka ja numfashi in sa baki."